Tsohuwar jita da sabuwa mai tsohon zubi: daga ina bambancin amo yake fitowa?

A watan Yunin 2020 aka yi gwanjon wata jita ƙirar kamfanin Martin ta shekarar 1959 a Amurka, aka saye ta a kan dala miliyan 6 da 'yan kai. Ta marigayi Kurt Cobain ce, mawaƙin ƙungiyar Nirvana. Wanda ya tsinci labarin a sama zai ɗauka babu jitar da ta kai ta zaƙin murya a duniya. Masana kayan kiɗa kuwa sun san ba haka abin yake ba. Samfurin nan, D-18E, yana cikin waɗanda kamfanin bai yi sa'a da su ba, domin an ɗora wa fuskarsa kayan lantarki masu nauyi da suka danne amonsa, kuma guda 300 da ɗoriya kawai aka ƙera aka daina. Sunan mai ita aka saya, ba muryarta ba.

Amma akwai wata kasuwar da ba ruwanta da sunan mawaƙi. Jitar Martin D-28 ta shekarar 1937, wadda babu wani shahararre da ya taɓa riƙe ta, tana iya haura dala dubu 100 in tana da lafiya. Kamfanin da ya ƙera ta yana nan a garinsa na Nazareth da ke jihar Pennsylvania, kuma yana fitar da sabuwa da ya ce kwafinta ce, a kan ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na wancan farashi. A nan gardamar take. Wasu makaɗa sun rantse cewa tsohuwar tana da amon da ba a sayensa a kanti. Wasu sun ce da za a rufe musu ido, da ba su bambance ba.

Me ake nufi da tsohuwa, me ake nufi da maimaici

Ba kowace jita da ta daɗe a ɗaki ake nufi ba. Idan masu wannan harka suka ce tsohuwa, yawanci suna nufin jitar Amurka mai tsirkiyar ƙarfe, marar lantarki, da aka ƙera tsakanin ƙarshen shekarun 1920 da tsakiyar shekarun 1940, musamman ta Martin da ta Gibson. Suna kiran wannan lokaci zamanin zinare. A cikinsa aka samu zubin da kusan kowace jita ta yau take bi. Martin ya fito da dogon wuya a samfurin OM a 1929, sannan ya sa sunansa a kan babbar jitar nan mai faɗin ƙugu a 1931, wadda ya laƙaba wa sunan wani jirgin ruwan yaƙin Ingila, Dreadnought. Gibson, daga garin Kalamazoo na jihar Michigan, ya fito da J-45 a 1942, kuma farashinta ne ya zama sunanta: dala 45.

Maimaici kuwa ita ce sabuwar jita da aka ƙera da niyyar komawa wancan zubi. Su ma hawa-hawa ne. Akwai wadda kamannin waje kawai ta ɗauko, wato ado da launi da siffar kai. Akwai wadda ta kwaikwayi tsarin ciki. Akwai kuma wadda aka bi wata tsohuwar jita guda ɗaya aka auna ta gaɓa-gaɓa, aka kwafi kaurin katako da irin gam da irin ƙarfen cikin wuya, kamar jerin da Martin ya fara a 2005 da sunan Authentic. Yawancin ruɗanin da ake samu daga nan yake: mutum ya gwada maimaicin ado, ya ji ba ta kai ba, sai ya yanke hukunci a kan dukkansu.

Inda sautin yake fitowa

Tsirkiya ita kaɗai ba ta da wata murya. Siririya ce, ba ta iya tura iska. Abin da ke faruwa shi ne abin da mai gurmi ko mai garaya ya sani: tsirkiya ta karkaɗa, jaki ya karɓi karkarwar ya miƙa wa fuska, fuska ta tura iska, ƙoƙo ya amsa. A gurmi fata ce fuskar. A jita allon katako ne mai laushi, yawanci na icen sifurus, wanda kaurinsa bai cika wuce milimita 3 ba.

Wannan siririn allo shi ke ɗauke da jan tsirkiyoyi shida, wanda ya kai nauyin kilo 70 zuwa 85, dare da rana, shekara da shekaru. Shi ya sa ake manna masa haƙarƙari ta ciki, wasu siraran sanduna da ke yi masa aikin da azara ke yi wa rufin soro. Martin ne ya shahara da gicciye manyan sandunan biyu, tsarin da ya samo asali tun shekarun 1840. Duk sana'ar maƙerin jita tana tsakanin abu biyu ne. In ya sassaƙe haƙarƙarin ya rage kaurin allo, jita ta yi amo, ta amsa taɓawa kaɗan, amma da daɗewa fuskar ta kumbura a bayan jaki ko ta tsage. In ya bar su da kauri, jita ta yi ƙarko, amma murya ta shaƙe. Bahaushe ya ce in ganga ta cika zaƙi ta kusa fashewa, kuma maƙera jita da yawa suna faɗin kusan haka game da aikinsu.

Tun a 1862 wani maƙeri ɗan Sifaniya, Antonio de Torres, ya nuna girman rawar da fuska ke takawa. Ya ƙera jita mai kyakkyawar fuskar katako, amma bayanta da gefunanta na kwali ne. Jitar tana ajiye a gidan tarihin kiɗa na Barcelona. Za mu koma kan wannan batu, domin a kan katakon baya da gefe ake zuba kuɗi mafi yawa a yau.

Yaya makaɗa suke kwatanta bambancin? Kowace tsirkiya in an kaɗa ta ba murya ɗaya take fitarwa ba. Akwai uwar murya, akwai kuma ƙananan muryoyi da ke bisa kanta, kuma yadda suka cakuɗu shi ke bambanta amon jita da na goge ko da sun tsaya a kan sauti ɗaya. Masu son tsohuwa suna cewa amonta a bushe yake: uwar muryar tana fitowa fili, tana tashi nan take, kuma in an kaɗa tsirkiyoyi shida tare kana jin kowace daban ba su dunƙule ba. Sabuwa kuma suna cewa a ɗaure take, tana son a dake ta kafin ta amsa, ko kuma ƙananan muryoyinta sun yi yawa har suna lulluɓe uwar. Masu son sabuwa suna jin abu ɗaya amma suna ba shi wani suna: abin da wancan ya kira bushewa, wannan yana jin sa a matsayin rama, abin da wancan ya kira cunkoso, wannan yana kiransa cika.

Abin da ya canza bayan zamanin zinare

Wannan shi ne sashen da ya fi kowanne nauyi, kuma shi aka fi tsallakewa a gardama. Jitar 1937 da ta 1972 suna iya zama da suna ɗaya da siffa ɗaya, amma in ka zura ƙaramin madubi da fitila ta ramin fuskarsu ka leƙa, za ka ga gini biyu ne daban.

A ta 1937, mahaɗar manyan haƙarƙari biyu tana kusa da bakin rami, tazarar inci ɗaya ko makamancin haka, don haka faffaɗan ɓangaren fuska da ke ƙarƙashin jaki yana sake. Sandunan kuma an fafe tsakiyarsu, sun yi tudu da kwari kamar sirdi. Allon da ke tokare da jaki ta ciki ɗan ƙarami ne, mara nauyi. Daga nan sai aka yi ta janyewa. A 1938 aka matsar da mahaɗar baya. A ƙarshen 1944 aka daina fafe haƙarƙari. Dalilin a bayyane yake: makaɗan lokacin ba su da lasifika mai ƙarfi, suna gogayya da banjo, wani kayan kiɗa mai tsirkiya da fuskar fata, da kuma goge a dandali, sai suka koma sa tsirkiyoyi masu kauri don a ji su, fuskokin jita suka yi ta kumbura, kuma kamfanin da ya yi wa mai saye alkawarin gyara muddin ransa shi ke ɗaukar asarar.

Katako ma ya canza. Sifurus ɗin tsaunukan gabashin Amurka, wanda ake kira Adirondak, ya yi ƙaranci, don haka wajen 1946 aka koma na Sitka daga gaɓar arewa maso yamma. Adirondak ya fi tauri, kuma makaɗa suna cewa yana jure duka mai ƙarfi ba tare da murya ta dushe ba. A tsakiyar shekarun 1960, lokacin da kamfanin ya koma sabuwar masana'anta, aka bar gam ɗin da ake dafawa daga fatar dabba aka koma farin gam na zamani. Wajen 1968 aka mayar da ɗan allon ƙarƙashin jaki na wani katako mai nauyi, sannan aka ƙara masa girma. A 1969 aka daina amfani da rozwud ɗin Brazil a baya da gefe, aka koma na Indiya. Sannan yawa ya shigo: a 1971 Martin ya ƙera jita sama da dubu 22, ninkin ba ninkin abin da yake yi kafin Yaƙin Duniya na Biyu, kuma an samu wasu na wancan lokaci da aka manna jakinsu ba daidai wurinsa ba, har sautin ke kaucewa a saman wuya.

Gibson ya bi tasa hanyar zuwa wuri ɗaya. J-45 na shekarun yaƙi, waɗanda mata ne suka ƙera da yawa daga cikinsu saboda maza sun tafi fagen daga, marasa nauyi ne. A shekarun 1960 aka sa musu jaki mai kusoshin ƙarfe da ake ɗagawa a sauke, a shekarun 1970 kuma aka ninka gicciyen haƙarƙarin ya zama biyu.

To, a nan ne sunan tsohuwar jita ya kafu. Matashin makaɗi na 1972 da ya ɗauki sabuwa a kanti, sannan ya ɗauki ta kakansa ta 1937, ba ƙarya ya yi ba da ya ce tsohuwar ta fi. Sai dai abin da ya ji ba shekaru 35 ba ne kawai. Jita mai sauƙin gini ya gwada da mai nauyin gini. Kamfanonin ma sun gane haka. A 1976 Martin ya dawo da fafaffen haƙarƙari a samfurin HD-28, kuma a shekarar ce aka kafa kamfanin Santa Cruz a California, ɗaya daga cikin ƙananan maƙera da suka gina kasuwarsu a kan tsohon zubi. Collings a Texas da Bourgeois a Maine suka biyo. Hukuncin da ya dace da kantin 1972 shi ake maimaitawa har yau, alhali kayan da ke kantin sun canza.

Katakon da doka ta killace

Akwai abu ɗaya da maimaici ba ta iya kwafa cikin sauƙi. A 1992 aka sa rozwud ɗin Brazil a jerin farko na yarjejeniyar CITES, wadda ke kula da cinikin dabbobi da tsirran da ke fuskantar ƙarewa. Ma'anar haka ita ce ba a cinikin sabon yanka tsakanin ƙasashe, sai tsohon ajiya mai takarda. Shi ya sa kwafin D-28 ta 1937 da Martin ya fitar ya zo da rozwud ɗin Madagaska, daga baya kuma na Guatemala. Hauren giwa da ake yin matashin tsirkiya da shi an maye gurbinsa da ƙashi.

A watan Janairun 2017 aka faɗaɗa takunkumin ya shafi dukkan dangin rozwud, ba don jita ba, sai don buƙatar masu kayan ɗaki na alfarma a China. A wannan karon ne aka sa madobiya ta Afirka ta Yamma a jerin, wadda aka yi ta sarewa a Taraba da maƙwabtanta ana lodawa zuwa tashar jiragen ruwa, har aka dakatar da cinikinta daga Najeriya a 2018. Masu kayan kiɗa sun koka, aka cire kayan kiɗa da aka riga aka ƙera daga takunkumin a ƙarshen 2019, amma ban da na Brazil. Har yau wanda ya ɗauki tsohuwar D-28 zai tsallaka iyaka yana buƙatar takarda, in ba haka ba jami'an kwastan suna da hurumin ƙwace ta.

Katakon Afirka yana cikin jitar zamani fiye da yadda ake zato. Dangin maɗaci sun maye gurbin mahogani na Amurka ta Tsakiya a jita da yawa, kuma baƙin katakon da yatsu ke takawa a wuya, ɗan uwan kanya, yawancinsa daga dajin Kamaru yake zuwa, inda kamfanin Taylor ya sayi hannun jari a wata masana'antar yanka katako ta Yaounde a 2011.

Shin katako yana nuna da shekaru?

E, yana canzawa, kuma an auna. A cikin katako akwai wani sinadari dangin sukari, hemiselulos, wanda shi ya fi jan danshi. Da tafiyar shekaru yana lalacewa a hankali. Sakamakon haka katako ya rage shan ruwan iska, ya ɗan rage nauyi, launinsa ya yi duhu, ya kuma ƙara saurin karyewa. Masu bincike a Japan da suka auna katakon tsofaffin gine-gine sun ga cewa tsohon katako yana iya riƙe karkarwa fiye da sabo, wato ba ya shanye ta da sauri. Allon da ya rage nauyi bai rasa taurinsa ba kuwa shi ne burin kowane maƙeri. Shafen ƙyallin da ke jikin tsohuwar jita ma siriri ne tun asali, kuma da shekaru yana ƙara bushewa ya tsattsage, ba kamar kaurin robar da ake fesa wa jita mai araha ba.

Daga wannan sani aka samo dabarar gasa katako. Ana sa allon a tanda marar iskar oksijin, a zafin da ya kusa digiri 200, har hemiselulos ɗin ya ragu cikin sa'o'i maimakon shekaru. A Finland aka inganta dabarar a shekarun 1990 don katakon gini. Yamaha yana da tasa hanyar, Bourgeois ya rungume ta, Martin kuma ya shigo da ita a 2015. Gasasshen allo kana ganinsa ka san shi: launin zuma ne har cikinsa, yana da ƙanshin toyi, in ka riƙe shi da yatsu biyu ka ƙwanƙwasa sai ka ji ya yi ƙara mai tsawo. Masu goyon baya suna cewa yana ba sabuwar jita saurin amsawar tsohuwa tun ranar farko. Masu suka suna cewa zafin tanda da sanyin shekaru ba hanya ɗaya suke bi ba, kuma gasasshen allo bai yi shekaru 80 yana ɗauke da jan tsirkiya ba. Duka biyun suna da abin kamawa.

Iƙirarin da ya fi rauni shi ne na cewa yawan kaɗawa da kansa yana buɗe muryar jita. Imani ne mai ƙarfi, har ana sayar da wata na'ura da ake ɗorawa a kan tsirkiya ta yi ta girgiza jita kwana da kwanaki. A 2014 wasu masu bincike a jami'ar Stanford suka ɗauki jita bibbiyu masu kama da juna, suka girgiza ɗaya daga kowace tagwaye na ɗaruruwan sa'o'i, suka bar ɗayar. Na'urar awo ba ta ga bambancin da za a danganta da girgizar ba, makaɗan da aka gwada su ma ba su iya gane wadda aka girgiza ba. Akwai dai abin da ba a musu: kunnen makaɗi da hannunsa suna sabawa da jitarsa, yana koyon inda take so a taɓa ta, kuma wannan sabo yana fitowa a sauti.

Da aka rufe wa makaɗa ido

Gwajin da ya fi girgiza masu kayan kiɗa a kan gogen Turawa aka yi shi. A 2010 a birnin Indianapolis, mai bincike Claudia Fritz ta Faransa da maƙerin goge Joseph Curtin suka sa wa makaɗa 21 baƙin tabarau a ɗaki mai duhu, suka ba su tsofaffin gogen Italiya uku, har da na shahararren maƙerin nan Stradivari, da sababbi uku. Da aka ce kowa ya zaɓi wanda zai tafi da shi gida, 13 suka zaɓi sabo. Aka ce ɗakin otal ne, ba dandali ba. Sai aka sake a Paris a 2012 da manyan makaɗa 10, tsofaffin goge shida da sababbi shida, har da babban zauren kiɗa. Shida daga cikin goman suka zaɓi sabo, kuma da aka ce su faɗi wanne ne tsoho, amsarsu ba ta fi ta mai canki-canki ba.

A ɓangaren jita, masu bincike a jami'ar Lancaster ta Ingila sun wallafa wani gwaji a 2018. Maƙeri ɗaya ya ƙera jita shida masu zubi ɗaya, sai dai katakon baya da gefe ya bambanta, daga rozwud ɗin Brazil mai tsada har zuwa katako mai araha irin sapele na Afirka. Makaɗa 52 suka kaɗa su sanye da tabaran masu walda. Makin da suka ba jitocin ya zo kusan ɗaya, kuma da aka gwada wasunsu ko za su iya bambance wannan da waccan, da ƙyar suka wuce canki. Abin da Torres ya nuna da kwali ke nan.

Adalci ya sa a faɗi iyakar waɗannan gwaje-gwaje. Na Fritz a kan goge ne, ba jita ba. Na Lancaster kuma irin katako ya gwada, ba shekaru ba. Mintocin da ake ba makaɗi a ɗakin gwaji ba su kai zaman shekara da kayan kiɗa ba. Ba su nuna cewa duk jita ɗaya ce ba. Abin da suka nuna shi ne ido da labari suna shiga cikin abin da kunne ke ji, har ga ƙwararru, kuma wanda aka gaya masa farashi kafin ya kaɗa ba zai ji abin da wanda ba a gaya masa ba zai ji.

Tsohuwar da ta kai yau

Akwai wani abu da ke karkatar da kwatancen tun kafin a fara. Tsofaffin jitocin da ake kaɗawa yau ba su ne duk waɗanda aka ƙera ba. Waɗanda suka yi zaƙi su aka riƙe, aka gyara, aka gada, aka yi rikodin da su. Marasa daɗi sun ƙare a ƙarƙashin gado ko a bola. Kuma tun asali ba su da yawa: D-45 da aka ƙera daga 1933 zuwa 1942 guda 91 ne kacal. Saboda haka ana gwada zaɓaɓɓu na shekaru 80 ne da duk wadda hannu ya kai a kanti. Katako kuwa ba ƙarfe ba ne. Alluna biyu daga ice ɗaya suna iya bambanta a nauyi da tauri, kuma jita biyu da suka fito daga hannu ɗaya a mako ɗaya ba sa magana da murya ɗaya. Sau da yawa tazarar da ke tsakanin tsofaffi biyu ta fi wadda ke tsakanin kyakkyawar tsohuwa da kyakkyawar maimaici.

Sannan kalmar asali ma tana da wuyar riƙewa. Jitar da ake yawan kafa hujja da ita ita ce D-28 ta 1935 da makaɗin Amurka Clarence White ya riƙe, wadda wani makaɗin, Tony Rice, ya saya a 1975 a kan dala 550. An faɗaɗa ramin fuskarta da wuƙa tun kafin ta zo hannunsu. An canza allon wuyanta da na wani kamfani. An harbe ta da bindigar iska, mota ta taɓa taka ta, kuma a 1993 ruwan ambaliya ya shanye ta a Florida. Duk da haka amonta a hannun Rice shi ne ma'aunin da dubban makaɗa ke bi, har Martin da Santa Cruz suka fitar da sababbi masu faffaɗan rami don kwaikwayonta. Mene ne asali a cikin wannan murya: katakon 1935, hannun masu gyara, ko yatsun Rice?

In aka tattara hujjojin, ga inda nauyinsu ya karkata. Bambancin da ake ji gaskiya ne, amma kaso mafi girma daga gini yake, kuma gini abu ne da ake kwafa, ana ma kwafarsa da kyau a yau. Shekaru suna ƙara wani abu, ƙarami ne amma akwai shi. Sauran kuma zaɓi ne, da tarihi, da ƙaranci, waɗanda ke ɗaga farashi ba tare da sun taɓa amo ba.

Abin da wannan ke nufi ga mai saye

Mai tara kayan tarihi da mai kiɗa ba abu ɗaya suke saye ba. Na farko yana biyan asali, shi ya sa tsohuwar jitar da aka sake wa fenti take zubar da kusan rabin darajarta ko da muryarta na nan. Wannan dama ce ga na biyu. Amma tsohuwa tana zuwa da hidima. Jan tsirkiya na shekaru yana janyo wuya gaba har tsirkiyoyi su yi nisa da allo, kuma gyaran shi ne a cire wuyan da tururi a sake dasa shi, aikin da ke cin ɗaruruwan daloli. Martin bai sa ƙarfen wuya mai juyawa ba sai 1985, don haka waɗanda suka riga wannan shekara ba a miƙe wuyansu da sifana.

Ga makaɗi a Kano ko Damagaram ko Agadas, inda jita ta zama muryar matasan Abzinawa, tsohuwar da zai iya cin karo da ita a wajen 'yan gwanjo ba Martin ba ce, Yamaha ce ko wata 'yar Japan. A nan ma labarin yana da darasi. Yamaha FG-180 mai jar takarda a ciki, wadda aka fara a 1966, ta yi suna da daɗin amo, alhali fuskarta katakon manne ne mai hawa-hawa, sai dai siriri ne kuma ginin ba nauyi. Da kamfanin ya dawo da jerin jar takarda a 2019, da katako tsantsa ya yi su, wanda aka bi da shi ta hanyar tsofantarwa. Wato maimaicin ta fi asalin tsadar kaya.

Yanayi kuma ya fi shekarar ƙira tasiri a wannan yanki. Ana ƙera jita a ɗakin da danshin iska yake tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari. A tsakiyar hunturu danshin Kano yana sauka ƙasa da kashi 20. Allon fuska yana tsukewa ta faɗinsa, haƙarƙarin da ke gicciye ba sa bin sa, sai ka ga fuskar ta lotsa, bakin ƙarafan wuya sun fara karce yatsa, wata safiya kuma ka tarar da siririyar tsaga daga jaki zuwa gindi. Da damina ta sauka sai katakon ya sha ruwa ya kumbura, amo ya dushe, kamar yadda fatar ganga ke saki har sai an kai ta rana. Jita mai sauƙin gini, tsohuwa ce ko maimaici, ita ta fi saurin kamuwa, katakon manne kuma ya fi jurewa. Maganin da makaɗa ke yi mai sauƙi ne: jita ta kwana a akwatinta, tare da jiƙaƙƙen soso da aka matse aka sa cikin robar sabulu mai huji.

Wanda zai gwada jita biyu kuwa, ya tabbata tsirkiyoyinsu iri ɗaya ne kuma shekarunsu ɗaya, domin tsohuwar tsirkiya da sabuwa sun fi yawancin abubuwan da aka lissafa a sama canza amo. Ya kaɗa su da kansa, sannan ya miƙa wa wani ya kaɗa, shi kuma ya ja baya taku biyar ya juya masa ƙeya, domin abin da mai riƙe da jita ke ji daga sama ba shi mai sauraro ke ji daga gaba ba. Kafin ya biya, ya ɗora dogon ma'auni a kan allon wuya ya ga inda bakinsa ya sauka: in ya faɗo ƙasa da saman jaki sosai, kuɗin dasa wuya yana jiran sa.